Kwamfutar shago da amanar mutane: nazarin wani lamari a Sakkwato

Shagon irin waɗanda suka cika bakin titi ne a kusa da manyan makarantun Sakkwato: ɗaki ɗaya, kwamfutar tebur biyu, laftof ɗin mai shago, firinta, injin fotokofi, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa. Aikinsa buga takardu, cike fom ta intanet, biyan kuɗin makaranta, duba sakamakon WAEC da NECO, da fitar wa mutane takardar NIN. Wata rana jami'ai suka kwashe na'urorin shagon, bayanan abokan cinikinsa suka tafi da su. Ba za a ambaci sunan mai shagon ba, ko unguwarsa, ko hukumar da jami'anta suka zo. Abin da ake so a gani shi ne ta ina bayanai suka fita, me ya buɗe musu hanya, kuma me zai toshe ta.

Yadda abin ya faro

Wata ƙungiyar unguwa ce ta rubuta koke a kan rijiyar burtsatse da aka ce an biya kuɗinta, amma ba a ga ruwa ba. Sakataren ƙungiyar ya kawo rubutun hannu, yaron shago ya buga masa a Word. Sunayen waɗanda suka sa hannu da lambobin wayarsu suna cikin wayar sakataren a hoto, don haka ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar shago, ya sauke hotunan, aka manna su a ƙarshen takarda. An yi kwafi iri biyu. Mai sunaye za a kai ofis, marar sunaye kuma za a yaɗa don jama'a su sani ba tare da an jefa kowa cikin matsala ba. Sakatare ya tura marar sunayen zuwa zaurukan WhatsApp a matsayin fayil ɗin Word, ya biya kuɗin aiki, ya tafi. Bai cire haɗin WhatsApp ɗinsa daga kwamfutar ba.

Takarda ta zaga gari, ta hau Facebook. Wanda ake zargi da cin kuɗin ya kai ƙara cewa an ɓata masa suna ta intanet. Bayan 'yan kwanaki jami'ai suka tsaya a ƙofar shagon.

'Yan ƙungiyar sun ɗauka ba za a gano su ba saboda sun ji an ce saƙon WhatsApp a kulle yake. Maganar gaskiya ce. Tun Afrilun 2016 WhatsApp yake kulle kowane saƙo daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, da tsarin da masu manhajar Signal suka ƙirƙira. Kamfanin layi ba ya iya karanta saƙon a hanya, kamfanin WhatsApp ma haka. A cikin wannan lamari kaf babu wanda ya fasa kullen nan, kuma babu wanda ya buƙaci fasa shi. Ƙofar ƙarfe ce aka sa a jikin dangar kara.

Sawun farko: takardar da kanta

Kowane fayil ɗin Word yana ɗauke da bayanan da ba a gani a shafi: sunan wanda ya ƙirƙire shi, sunan wanda ya gyara shi a ƙarshe, da rana da lokaci. Word yana ɗauko sunan ne daga abin da aka rubuta lokacin da aka girka shi. Mai shago ya sa sunan shagonsa a gurbin, kamar yadda galibin masu shaguna suke yi. Duk wanda fayil ɗin ya shiga hannunsa, ya danna shi da maɓallin dama na linzami, ya shiga Properties, sannan Details, zai ga sunan shagon baro-baro. Ba a nemi wata na'ura mai tsada ba.

Kullen WhatsApp ya kai fayil ɗin lafiya ga mutanen zaure, amma ya kai shi yadda yake, da duk abin da ke cikinsa. Zaure kuwa yana iya ɗaukar mutum fiye da dubu, kuma ko wane ɗaya daga cikinsu yana iya turawa gaba ko ya ɗauki hoton allo. Haka abin yake ga hotuna. In ka tura hoto a matsayin hoto, WhatsApp yana goge bayanan da kyamara ta liƙa masa. In ka tura shi a matsayin fayil don kada ya dushe, to ya tafi da samfurin wayarka, da lokacin ɗauka, har da wurin da ka tsaya idan GPS na kamara a kunne yake.

Sawu na biyu: layin waya

A zauren da takardar ta fara fitowa, lambar sakatare tana nan a saman saƙon. Tun Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma wa'adin ƙarshe ya cika a Satumbar 2024. Lambar waya a yau tana nufin suna, hoto, adireshi da zanen yatsa. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan mai layi da na zirga-zirgarsa har shekara 2, su kuma miƙa wa hukumomin tsaro idan an nema bisa doka.

Waɗannan bayanan ba su ƙunshi abin da aka faɗa ba, amma sun ƙunshi wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wane turken sabis, kuma da wace waya. Kowace waya tana da lambarta mai alƙaluma 15, wato IMEI, wadda za ka gani idan ka danna *#06#. Sauya layi a cikin waya ɗaya ba ya raba mutum da sawunsa. Kiran waya na yau da kullum da saƙon tes kuwa, kullensu tsakanin waya da turke ne kawai, daga nan a buɗe suke a cibiyar kamfani. Ka'idojin sauraren sadarwa da hukumar NCC ta fitar a 2019 sun tilasta wa kamfanoni su girka kayan da za su ba da damar sauraro, da izinin alƙali, ko a yanayin gaggawa a fara sauraro a nemi izinin cikin awa 48.

Mutanen Sakkwato ba baƙi ba ne ga ikon gwamnati a kan layi. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, jim kaɗan bayan an yi haka a Zamfara. Kuma kayan leƙen asiri suna nan. A Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashen da alamu suka nuna suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, masu bin sawun waya ta raunin da ke cikin tsarin da kamfanonin layi suke magana da juna. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta ƙasa kimanin naira biliyan 4.8 don kayan sa ido a kan WhatsApp da wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya. Ƙungiyar CPJ mai kare 'yan jarida ta ba da rahoto a 2019 da 2020 a kan yadda aka yi amfani da na'urorin kwashe bayanan waya da kuma bayanan kira wajen bin 'yan jarida a ƙasar nan. Amma a lamarin talaka irin wannan, da wuya a kai ga waɗancan kaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauke na'urar.

Ranar da aka zo

Jami'ai suka tambayi waye mai wurin, suka ce za su tafi da kwamfutoci da wayarsa. Ya ce: "Yallaɓai, wagga na'ura amanam mutane ta, takardunsu na ciki." Aka ce masa in an gama dubawa za a dawo da ita. Bai nemi ganin warantin kotu ba, bai nemi a rubuta masa jerin kayan da aka ɗauka ba, bai kira lauya ba. Da aka ce ya buɗe wayar, ya ɗora yatsa ta buɗe.

Ga abin da aka tarar, kuma a nan ne nazarin ya fi nauyi.

Kwamfutar tebur tana da kalmar sirri ta shiga Windows, amma faifan ajiyarta ba a kulle yake ba. Mutane da yawa ba su san bambancin waɗannan biyun ba. Kalmar shiga Windows tana hana wanda ya zauna a gaban allo ne kawai. Wanda ya kwance sukurori, ya zaro faifan, ya jona shi da wata kwamfuta, zai karanta komai kamar filash. Ko kwancewa ba sai an yi ba, ana iya tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba. Masu bincike na ƙwarai suna jona faifan ta na'urar da ke hana rubuta komai a kansa, su ɗauki kwafinsa gaba ɗaya, har da wuraren da Windows yake nunawa babu komai.

A cikin Downloads aka sami hotunan sa hannu da lambobin waya, wato ainihin abin da ƙungiyar ta so ɓoyewa. A Desktop aka sami kwafin takarda mai sunaye. Yaron shago ya ce yana goge aikin mutane lokaci zuwa lokaci, kuma da gaske yake. Sai dai gogewa a Windows cire sunan fayil ne daga rajista, a ce gurbinsa ya zama fili. Bayanan suna nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansu. A tsohon faifai mai juyawa na gigabait 500 wanda bai taɓa cika ba, fayil ɗin da aka goge bara yana iya dawowa cif da manhajar kyauta irin su Recuva ko PhotoRec.

WhatsApp ɗin sakatare yana nan a haɗe a burauza. WhatsApp yana barin a haɗa na'ura har 4 da lamba ɗaya, kuma haɗin ba ya yankewa don kawai mutum ya bar wurin. Duk saƙon da ya shigo masa bayan ya bar shagon ya ci gaba da sauka a kwamfutar, a buɗe, domin a wurin WhatsApp wannan kwamfutar tasa ce.

Laftof ɗin mai shago ya fi ban takaici, domin shi a kulle yake. Sabo-sabo ne, mai Windows 11, kuma ya kulle faifansa da kansa tun ranar da aka shiga da asusun Microsoft. A kashe aka ɗauke shi, kuma da a nan aka tsaya da babu abin da za a karanta. Amma mabuɗin ceto mai alƙaluma 48, wanda ake buɗe kullen faifan da shi, yana ajiye a asusun Microsoft ɗin mai shago. Kalmar sirrin asusun tana ajiye a Chrome na kwamfutar tebur. Chrome yana kare irin waɗannan kalmomi da kalmar shiga Windows, ita kuwa an rubuta ta a takarda an manna a jikin allo don yaron shago. Lambar tabbatarwa da Microsoft ya turo ta sauka a wayar da take buɗe a hannun jami'ai. Kulle mai ƙarfi na AES, wanda babu kwamfutar da aka sani tana iya fasa shi ta hanyar gwada mabuɗi ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe cikin mintoci saboda wata 'yar takarda da salatif.

Wata mata ma'aikaciyar lafiya ta yi nata ƙoƙarin. Takan kawo takardunta a filash cikin fayil ɗin da manhajar 7-Zip ta kulle da kalmar sirri, a buga mata, ta tafi da filash ɗinta. Fayil ɗin nata bai buɗu ba. Amma duk lokacin da aka danna takarda daga cikin 7-Zip, manhajar tana fitar da kwafi a buɗe ta ajiye a folda ta wucin gadi, Word ma yana ajiye nasa kwafin don gudun ɗaukewar wuta, sannan Windows yana ajiye wani a layin jiran firinta. Daga ɓurɓushin waɗannan aka dawo da wasu shafukanta.

Wa ya cutu

An gayyaci shugabannin ƙungiyar, an yi musu tambayoyi, daga baya dattawan unguwa suka shiga tsakani aka yi sulhu. Magana ba ta kai kotu ba. An mayar wa mai shago kayansa bayan makonni, ya yi asarar ciniki da wasu abokan hulɗa.

Amma waɗanda suka fi cutuwa ba su ma san an yi ba. A cikin kwafin faifan akwai takardun NIN na ɗalibai, hotunan fasfo na matan aure, sakamakon gwajin asibiti, takardar saki da aka kawo a buga, takardun filaye, bayanan asusun banki, da kalmomin sirrin imel na duk wanda ya taɓa danna "ajiye" a burauzar shagon. Babu ruwan ɗayansu da rijiyar burtsatse. An dawo da kwamfuta, kwafin bai dawo ba, kuma babu takardar da ta nuna wa yake riƙe da shi ko yaushe za a goge shi.

Ana yawan cewa wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye. Matar da aka buga sakamakon gwajinta ba ta yi laifi ba, kuma tana da abin ɓoyewa, kamar kowa. Addini ya riga ya yanke wannan: aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Gaskiya ne sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro, kuma duk wanda ya san halin da mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah suke ciki ba zai yi jayayya da bin sawun wayar mai neman kuɗin fansa ba. Ra'ayinmu shi ne wannan iko ya tsaya inda aka yi shi dominsa: da izinin alƙali, a kan mutum sananne, a kan laifi sananne. Kwashe faifan shago ɗungurungum saboda koke a kan rijiya ya wuce gona da iri. Ko sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, da ake kafa hujja da shi a ƙarar ɓata suna ta intanet, ya sauya. Kotun ECOWAS ta yanke a 2022 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya cire kalmomin da suka mai da ɓata rai ko cin fuska laifi.

Gyaran da ya kamata, da inda yake cije wa mutane

A fara da faifai. A buɗe Command Prompt da ikon mai gida, a rubuta manage-bde -status, za a ga ko a kulle yake. BitLocker, manhajar kulle faifai ta Microsoft, yana cikin Windows 10 da 11 samfurin Pro, Education da Enterprise. Samfurin Home yana da ƙaramin kulle a wasu na'urori kawai. Inda babu, VeraCrypt kyauta ce kuma tana kulle faifai duka. Lokacin kunna BitLocker zai tambaya ko a kulle inda aka yi amfani da shi kawai ko faifan gaba ɗaya. A tsohuwar kwamfuta a zaɓi gaba ɗaya, in ba haka ba fayilolin da aka goge za su zauna a buɗe. Faifai mai juyawa na gigabait 500 yana cin awanni, don haka a fara da dare bayan an tashi aiki, a kan inbata ko UPS, kuma a kwafi muhimman takardu tukuna. Kwamfutocin da aka sayo na hannu sau da yawa faifansu ya gaji, zafin Afrilu da ƙurar hunturu sun ƙara masa, kuma karanta kowane lungu nasa na tsawon awanni yana iya ƙarasa shi. In yana ƙara ko yana sandarewa, a sauya shi da SSD, faifai marar juyawa, kafin a kulle.

Tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa ba su da guntun tsaro na TPM. A irinsu sai an shiga gpedit.msc, an kunna ka'idar da ke ba da damar BitLocker ba tare da TPM ba, sannan kwamfuta za ta riƙa neman kalmar sirri tun kafin Windows ya tashi. Ga shago wannan ya ma fi, domin mai TPM kaɗai yana buɗe faifai da kansa ya kai ka allon shiga, sai tsaron duka ya koma kan kalmar Windows. Ko da akwai TPM, a ƙara masa lambar tayarwa. Kuma kulle yana aiki ne idan na'ura a kashe take. Laftof ɗin da aka rufe murfinsa kawai yana riƙe da mabuɗi a ƙwaƙwalwarsa.

Mabuɗin ceto shi ne inda aka fi yin kuka. A rubuta alƙaluman 48 a takarda biyu, ɗaya a gida cikin akwati, ɗaya a hannun amintacce, sannan a cire shi daga asusun Microsoft idan ba a so kamfani ya riƙe shi. Wanda ya yi haka ya sani babu mai ceto sai takardar nan. Mai gyara ya sauya babban allon lantarki na cikin kwamfuta (motherboard), ko ya taɓa saitin BIOS, ko ƙaramin batirin agogo ya mutu saiti ya koma na asali, sai kwamfuta ta tashi da shuɗin allo tana neman mabuɗi. In babu shi, aikin shekaru ya tafi, kuma duk mai gyaran da ya ce zai dawo da shi yana nufin zai goge komai ya sake girka Windows.

Kalmar sirri kada ta zama lambar waya, shekarar haihuwa, sunan ɗa, karin magana ko aya, domin waɗannan ake fara gwadawa. A ɗauki kalmomi shida da ba su da dangantaka, a zaɓe su da ƙuri'a daga ƙamus, a haddace. Ta fi tsawo amma ta fi sauƙin riƙewa a kan tarkacen alamomi.

Sai rabon asusu. Mai shago yana da nasa mai cikakken iko, abokan ciniki da yaron shago suna da nasu marar ikon girka komai. A kashe ajiye kalmar sirri a Chrome, a riƙa buɗe wa baƙo tagar Guest, wadda take goge tarihi da shiga da zarar an rufe ta, har da haɗin WhatsApp. Abin da aka sauke kuwa ba ta goge shi, saboda haka a saita Storage Sense na cikin saitin Windows ya share Downloads da kwandon shara bayan kwana 1. A faifai mai juyawa, a rubuta cipher /w:C:\ sau ɗaya a mako, zai bi wuraren da aka goge ya rufe su da wani rubutu. A sauya sunan da ke cikin Word zuwa wani abu da ba ya nuna kowa, kuma kafin a ba mutum fayil a shiga File, Info, Check for Issues, Inspect Document, a cire bayanan marubuci. Mayar da takarda PDF kawai ba ya wadatarwa, sunan yakan bi ta.

Mafi ƙarfin kariya shi ne kada a ajiye abin da ba a buƙata. Masu shago suna tara takardun mutane ne don in mutum ya dawo a sake buga masa cikin sauri. Wannan kyautatawa ce mai haɗari. A tura wa mutum fayil ɗinsa, a goge a gabansa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai sarrafa bayanan mutane nauyin kada ya tara fiye da buƙata, kada ya riƙe fiye da lokaci, kuma ya kare su. Rajistar masu shiga da sashe na 7 na Dokar Laifukan Intanet ya wajabta wa masu kafen intanet wani abu ne dabam, littafi ne na suna da sa hannu, ba ya nufin a adana takardun kowa.

Wata matsala da ba a son faɗa ita ce Windows ɗin sata. Manhajojin da ake kunna shi da su suna neman a kashe riga-kafi, kuma da yawa suna zuwa da ɓoyayyen mai naɗar duk abin da aka buga. In haka ne kulle ba shi da amfani, domin ana ɗaukar kalmar sirrin tun daga yatsu. Windows 10 ma Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

A ɓangaren waya, wayoyin Android da suka fito da samfuri na 10 zuwa sama suna kulle bayanansu tun daga kamfani, iPhone kuma tun 2014, amma ƙarfin kullen yana rataye da lambar allo. Alƙaluma 4 suna ba da zaɓi 10,000 ne kawai, alƙaluma 6 miliyan ɗaya. Zanen ɗigo tara yana da hanyoyi 389,112, sai dai mutane da yawa haruffa irin su L ko Z suke zanawa, kuma maiƙon yatsa yana nuna shi a gilashi. A sa aƙalla alƙaluma 8. Wayar da aka kashe aka kunna ba a buɗe ta ba ta fi wuyar kwashewa nesa ba kusa ba a kan wadda aka riga aka buɗe sau ɗaya, kuma a wannan hali ba ta karɓar yatsa ko fuska sai lamba.

A cikin WhatsApp akwai wurare huɗu da za a duba. A Linked devices a cire duk na'urar da ba a gane ba. A Chat backup a kunna kulle ajiya, wanda aka kawo a 2021, da kalmar sirri ko mabuɗi mai alƙaluma 64, domin in ba a kunna ba kwafin hirarraki da ke Google Drive ba ya ƙarƙashin kullen waya zuwa waya. Wanda ya manta kalmar kuma wayar ta ɓata, ajiyar ta tafi ke nan. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu da alƙaluma 6, don kada wanda ya sami layinka ya ɗauke asusunka. A sa saƙonni su riƙa gogewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. A rabu da GB WhatsApp da 'yan uwansa da ake turawa ta Xender, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu. Telegram kuma kada a ɗauka ya fi tsaro: hirarsa ta yau da kullum da zaurukansa ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba. Ƙungiyar da take da magana mai nauyi ta koma Signal, wanda abin da yake riƙewa a kan mai amfani bai wuce ranar buɗe asusu da ranar shiga ta ƙarshe ba. VPN, da mutane suka saba da shi lokacin rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yana ɓoye wa kamfanin layi shafukan da kake shiga ne, ya nuna su ga mai VPN ɗin. Ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin ramukan da aka faɗa a wannan lamari.

Idan jami'ai suka zo, babu gardama, babu gudu, babu goge komai, domin lalata shaida bayan an fara bincike laifi ne mai zaman kansa. A nemi ganin katin shaida da waranti cikin ladabi, a karanta abin da aka ba su izinin ɗauka. Sashe na 45 na Dokar Laifukan Intanet ya ce alƙali ne yake ba da warantin bincike da ƙwace na'ura, har da izinin warware abin da aka kulle. A nemi jerin kayan da aka karɓa a rubuce, da samfuri da lambar jikin kowace na'ura da sa hannu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauyansa, kuma batun ba da kalmar sirri yana cikin abin da ya kamata a jira lauya a kansa. Lauyan zai iya rubutawa ya nemi a taƙaita binciken ga fayilolin da suka shafi ƙarar, a ba da lambar SHA-256 ta kwafin da aka ɗauka don a tabbatar ba a ƙara komai a ciki ba, kuma a bayyana a rubuce ranar da za a goge shi. Marar halin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a cikin garin Sakkwato.

Kwamfutar da ta kwana a hannun wani kuma ba a mayar da ita bakin aiki yadda ta dawo. A kwashe takardun da ake buƙata, a goge faifan, a girka Windows sabo daga shafin Microsoft, a sauya duk kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, sannan a kira duk abokin cinikin da ya taɓa shiga imel ko asusun bankinsa a shagon a gaya masa ya sauya nasa.